Tsohon Rediyon Soja Mai Bawul: Tambayoyi da Amsoshi Kan Gyaransa

Masu cin karo da irin wannan akwati, ko a wajen 'yan gwangwan ko a ɗakin ajiyar wani dattijo da ya rasu, tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su wuri guda. Mafi yawan misalaina a kan AR88 na kamfanin RCA suke, domin shi na fi sa wa hannu, amma inda BC-348 ko R-390A suka bambanta da shi zan faɗa.

Yaya zan gane wane rediyo ne a hannuna?

Duba ƙaramin allon ƙarfen da aka ɗaure a fuskarsa ko a bayansa, sunan da lambar suna nan. AR88 an fara ƙera shi a Amurka a farkon shekarun 1940, bawul 14 gare shi (kwalaben lantarki masu ƙarfafa sigina, waɗanda ake amfani da su kafin zuwan taransista), nauyinsa ya kai kilo 45, sai mutum biyu su kama. Samfurin AR88D yana kamawa daga kilohaz 535 zuwa megahaz 32 a zango shida. An kai su Ingila da yawa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma tashoshin sauraren sirri na Birtaniya sun yi amfani da su wajen kamo saƙonnin Jamus, waɗanda ake turawa Bletchley Park a warware.

BC-348 na jirgin sama ne, irin su B-17 da B-24, bai kai rabin nauyin AR88 ba. R1155 takwaransa ne na Birtaniya, wanda aka sa a jiragen Lancaster. R-390A kuwa na shekarun 1950 ne, zanen kamfanin Collins, kuma za ka gane shi nan take domin lambobi yake nunawa suna juyawa kamar na mitar tafiyar mota.

Yau na samo shi. In jona shi da wuta in ga ko yana aiki?

A'a, don Allah kar ka jona. Rediyon da ya yi shekara tamanin a duniya yana jiranka ba zai ƙi jiran mako biyu ba. Mafi munin ɓarnar da na gani a waɗannan akwatuna ba yaƙi ya yi ta ba, ba kuma tsufa ba, a minti biyar na farko aka yi ta a hannun sabon mai shi.

An taɓa kawo mini wani AR88 wanda fuskarsa ko ƙwarzane babu. Mai shi ya ce ya yi magana tangaram na ɗan lokaci, sannan murya ta shaƙe, sai wari. Da na juya shi na tarar baƙin kwalta ya tsiyayo daga taransifomar sauti ya daskare a kan farantin ƙasa. Kondensa guda ɗaya, wato ƙaramin abin da ke riƙe wuta yana tare ta, wadda kuɗinta bai kai na kwanon abinci ba, ita ta cinye abin da muka yi wata bakwai muna nema. Yadda hakan ke faruwa yana cikin amsar da ke kan kondensa, yadda ake ba shi wutar farko kuma yana cikin amsar kwan fitila.

Akwai haɗari ga wanda zai buɗe shi?

Akwai, kuma ba na wasa ba. Wutar da ke yawo a cikinsa ta haura bolt 300, kuma manyan kondensa suna iya riƙe ta bayan an zare fulogi. Kafin ka taɓa komai, sauke ta ta hanyar resista mai ƙarfi zuwa jikin ƙarfen, sannan ka auna da mita ka ga sifiri da idonka. In kana awo yana kunne, hannu ɗaya a aljihu, takalmin roba a ƙafa, kuma kar ka yi aikin kai kaɗai a gida.

Sauran haɗurran ido ba ya ganinsu. Mitocin R-390A da rubutun jikin wasu rediyoyin jirgi an shafa musu fenti mai sinadarin radiyam don su yi haske da dare. Hasken ya daɗe da mutuwa, amma radiyam ɗin yana nan, domin sai ya yi kimanin shekara 1,600 kafin rabinsa ya ƙare. Kar ka buɗe gilashin mitar, kar ka kankare rubutun. Farin gari ko ruwan ɗorawa da ke fitowa a jikin sukurori da faranti sau da yawa kadmiyam ne, guba ce in an shaƙa, saboda haka da jiƙaƙƙen tsumma ake share shi, ba a hurawa. Man da ke tsiyaya daga tsofaffin kondensa masu gwangwani kuma yana iya ƙunsar wani sinadari mai guba da ake kira PCB. Sa safar hannu, ka wanke hannu kafin cin abinci, kuma yara su yi nesa da teburin.

To da me zan fara?

Da hoto. Ɗauki hoton kowane lungu da wayarka kafin ka cire ko da sukuru ɗaya. Sannan nemo littafin rediyon da zanen wayoyinsa a intanet, duk waɗannan samfurori ana samun nasu kyauta. Sojoji ne aka rubuta wa su, don haka komai a bayyane yake, har adadin wutar da ya kamata a samu a kowace ƙafar bawul.

Daga nan sai shara. A ƙasarmu abin da za ka tarar sananne ne: ƙurar hunturu ta shekaru ta zama tabo, kashin ɓera, ƙwan kyankyaso, wani lokaci zanzaro ya gina ɗakinsa tsakanin faifan kondensar neman tasha. Burushin fenti mai laushi da haƙuri sun isa. Fitsarin ɓera yana cin waya da ƙafafun soket, don haka inda ka ga tabonsa ka duba da kyau. Duba kuma rufin wayoyi: na roba yana bushewa ya rududduge da an taɓa shi, kuma R1155 ya yi suna da wannan ciwo. Igiyar wuta kam canza ta kawai da mai waya uku, ta ukun a ɗaure da jikin ƙarfen, in babu fiyus kuma ka sa masa.

Waɗanne kayan aiki nake bukata?

Mitar awo mai jure bolt 600 ko fiye, ƙarfen narka dalma mai ƙarfi sosai domin na gyaran wayar hannu ba ya iya zafafa waɗannan manyan ƙafafu, dalma mai kyau, filaya mai tsinin baki, da kwan fitila na da mai zare a ciki. Injin fitar da sigina sai an zo daidaitawa, kuma ana iya aronsa.

Me ya sa kowa ke maganar kondensa? Dole ne in canza su duka?

Domin su ne ke tsufa fiye da komai. Yawancin na wancan zamani takarda ce da siririn faifan ƙarfe aka naɗe aka rufe da kaki ko mai. Shekaru suna tafiya, danshi yana shiga takardar, sai kondensar da aikinta shi ne tare wuta ta fara barinta tana zurarewa. Mitar hannu ba ta cika nuna wannan ba, saboda da ƙaramin batir take gwaji, yoyon kuwa sai wuta ta kai ɗaruruwan bolt yake bayyana.

A AR88 biyu ne ke kisa. Ta farko ita ce wadda ke kai sauti daga bawul 6SJ7 zuwa bawul na ƙarshe, 6K6. In ta yi yoyo, 6K6 zai riƙa jan wuta fiye da kima, kuma duk wutar ta cikin siririyar wayar taransifomar sauti take bi har ta ƙone ta. Ta biyu tana nan a gefen wannan taransifoma, in ta haɗe ciki ita ma ƙarshen labarin ɗaya ne. Waɗannan ba na ma gwada su, cirewa nake yi. Bayansu sai masu ƙananan gwangwani da aka ɗaure a jikin faranti, da wasu baƙaƙe ko ruwan ƙasa masu kusurwa huɗu da aka rubuta Micamold a jikinsu. Waɗannan na ƙarshe suna yaudarar mutane, domin kamarsu ɗaya da kondensar maika mai kyau, alhali takarda ce a ciki. Sababbin da za ka sa su zama masu jure bolt 630.

Amma "duka" kuskure ne. Kondensar maika ta gaskiya da na tangaran da ke kewaye da naɗe-naɗen neman tasha an zaɓe su ne ɗaya bayan ɗaya a masana'anta, in ka taɓa su ka jawo wa kanka aikin daidaitawa. Babban gwangwanin tace wuta na AR88, mai kondensa uku na maikirofarad 4, sau da yawa lafiyarsa ƙalau in bai tsiyaya ba. Kuma ɗaya-ɗaya ake canzawa: cire guda, sa guda, duba hoto, sannan ka wuce. Wanda ya yanke goma a lokaci ɗaya zai kwana uku yana neman inda ta bakwai take.

Resista fa?

Na garin gawayi ne, kuma da tsufa ƙimarsu hawa take yi. Auna kowace, wadda ta kauce da fiye da kashi 20 cikin ɗari ka canza ta, haka ma wadda ta tsage ko ta yi baƙi. In ta ƙone, nemi dalili, galibi wata kondensa ce a bayanta ta haɗe.

Ba bawul ne ke mutuwa ba? Ina zan samu sababbi?

Mutane suna fara zargin bawul saboda su ake gani kuma su ake iya zarewa da hannu, amma sun fi kusan komai a akwatin ƙarko. A AR88D akwai 6SG7 guda biyar, 6SA7 ɗaya, 6J5 biyu, 6H6 biyu, 6SJ7, 6K6, 5Y3, da VR150. Yawancinsu masu rigar ƙarfe ne, ba za ka ga haskensu ba, ɗuminsu za ka ji. Gwajin farko mai sauƙi ne: sa mita tsakanin ƙafa ta 2 da ta 7 ka ga ko zaren ɗumama bai tsinke ba, ban da 5Y3 da nasa yake tsakanin 2 da 8. VR150 ba shi da zare, in yana aiki wani haske mai ruwan shunayya yake yi. Na gilashi in tabon azurfar da ke cikinsa ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, ya mutu.

An ƙera waɗannan bawul da yawan gaske, har yau ana sayar da waɗanda ba a taɓa amfani da su ba a intanet. Kafin ka zare su, rubuta wa kowane gurbinsa. Wasu suna cire 5Y3, bawul ɗin da ke samar da babbar wuta, su sa diyod na zamani a madadinsa. Ban goyi bayan haka ba: wutar tana ƙaruwa, kuma tana faɗa wa sauran bawul tun ba su yi ɗumi ba.

Na gama canje-canje. Yaya zan ba shi wuta karon farko?

Ta cikin kwan fitila. Yanke waya ɗaya ta igiyar jona wuta ka sa kwan wat 100 ko 150 a tsakani, yadda duk wutar da za ta shiga rediyon sai ta bi ta cikinsa. Dole ya zama kwan da mai zare, wanda yanzu sai an tona a kasuwa, domin na LED ba ya wannan aiki. In komai lafiya, kwan zai ɗan yi haske ya lafa ya zama ja-ja. In ya haska fau ya tsaya a haka, akwai inda wuta ta haɗe, kashe nan take. Kwan ya shanye abin da taransifoma za ta sha.

Ni nakan fara da zare 5Y3, in ga fitilun fuska sun kama, bawul sun yi ɗumi, taransifoma ba ta zafi. Sannan in mayar da shi, mita tana kan babbar wuta, hancina yana kusa. Kar ka taɓa kunna shi ba lasifika a jone, duba amsar sauti a ƙasa.

Wutarmu ta nan za ta yi masa?

Wutar Najeriya da Nijar tana tsakanin bolt 220 da 230 ne a ƙa'ida, ta Amurka kuwa kusan rabin haka. AR88D yana da makunnin zaɓen wuta a bayansa daga 110 har 240, ka tabbata yana kan 240 kafin komai. R-390A ma ana iya juya shi tsakanin 115 da 230. Matsalar ita ce wutar NEPA ba ta san ƙa'ida ba, don haka sitabilaiza wajibi ce. Ƙaramin janareta kuwa ina gudunsa, wutarsa hawa da sauka take yi, ga ƙarar da yake cusawa cikin gajeren zango.

BC-348 labarinsa daban. Da batirin jirgi mai bolt 28 aka yi shi, da wani ƙaramin inji mai juyawa a ciki da ke samar da babbar wuta. Bayan yaƙi masu sha'awa da yawa sun cire injin sun sa taransifomar bolt 110 da hannunsu. Sai ka buɗe ka ga abin da aka yi masa, kar ka yarda da fulogin da ka gani.

Yana aiki, amma sautin ƙasa-ƙasa ne. Me ya faru?

Duba lasifikar tukuna. Yawancin rediyoyin soja ba su da ita a ciki. AR88 yana da mafita biyu a baya, ta om 2.5 da ta om 600, kuma lasifikar om 4 tana yi a ta farkon. R-390A om 600 kawai yake fitarwa, in ka jona masa lasifikar gida kai tsaye sai ka kasa kunne kafin ka ji, yana bukatar ƙaramar taransifoma a tsakani. In ba nan ba ne, koma kan resista, sannan makunnin sauya zango da dattin shekaru ya toshe.

Akwai ƙananan sukurori da yawa a kan gwangwanaye. In ɗaure su?

Ba sukurorin ɗauri ba ne, kuma ba su kwance ba. Kowannensu yana daidaita wani naɗin waya ko ƙaramar kondensa a kan zango takamaimai. Wanda ya bi su da sukudireba yana "ɗaurewa" ya kurmantar da rediyon, in ma bai fasa ƙullin da ke ciki ba, wanda ba a sayar da shi a ko'ina.

Daidaitawa ita ce aikin ƙarshe, bayan kondensa da resista da bawul sun tabbata, kuma sau da yawa za ka tarar ba a ma bukatarta sosai. In ta zama dole, bar rediyon ya yi awa ɗaya a kunne, yi amfani da abin juyi na roba, ka bi littafin layi-layi. Zangon tsakiya, wanda rediyo ke mayar da kowace tasha kansa a ciki kafin ya fitar da sauti, na AR88D kilohaz 455 ne, na AR88LF 735, na BC-348 kuma 915, saboda haka littafin wani ba ya yi wa wani. Da yake AR88 yana da matatar kiristal, a kan ainihin inda kiristal ɗin yake kaɗawa ake daidaita sauran, ko da ya ɗan kauce daga 455.

Abin neman tasha ya yi tauri, fuskar lambobin kuma ta yi ja. Me zan yi?

Tsohon giris ne ya daskare a cikin giyoyin. Wanke su da kananzir da tsohon burushin haƙori, ka ɗiga man keken ɗinki kaɗan. In aikin ya yi, murɗawa ɗaya za ka yi wa AR88 ka sake shi, ka ga lambobi suna ta wucewa da kansu shiru, abin gwanin daɗi. Makunnin zango da ruwan wanke makunni ake share shi, ban da sanfefa, domin azurfar da ke bakinsa siririya ce.

Fuskar lambobin kuwa ka bar ta da jarta. Ruwa da sabulu ko fetur suna ɗauke rubutun a shafa ɗaya. Wannan launin zuma da take yi in fitila ta haska ta baya, shekaru ne suka ba ta shi.

R-390A nawa ne. Duk wannan ya shafe shi?

Ya shafe shi, da ƙari. Bawul 26 gare shi, zango 32 kowanne megahaz ɗaya, da tarin giyoyi da ke ɗaga ƙullaye suna saukewa tare. Kar ka kwance giyoyin in ba ka karanta yadda ake mayar da su a kan saiti ba. Kondensar da ake fara canzawa ita ce C553, domin in ta haɗe babbar wuta tana shiga matatun sauti na ƙarfe, masu faɗin kilohaz 2, 4, 8 da 16, ta ƙone su ɗaya bayan ɗaya yayin da kake juya makunni kana neman wanda ke aiki. Sauƙinsa shi ne sassa-sassa aka yi shi, ana zare kowane a gyara a kan tebur. Maganar mitocinsa tana cikin amsar haɗari.

Ba gara in kwashe cikin in sa na zamani mai FM ba?

Wannan tambaya tana sosa mini rai. Rediyon FM yana nan a kowane shago, wannan kuwa in ka kwashe shi ya tafi ke nan. In bai yi maka ba, sayar wa wanda zai gyara, kuma kar ka bari a auna shi a sikelin 'yan gwangwan saboda jan ƙarfen cikinsa. Ko sabon fenti ba na so sai tsatsa ta ci, kuma ba na huda sabon rami a fuska. Tsofaffin kayan da na cire ina zuba su a leda in ajiye tare da takardar abin da na canza da ranar, saboda wanda zai buɗe shi bayana.

Me zan ji da shi, kuma wace eriya?

FM tana tsakanin megahaz 88 da 108, ta fi ƙarfinsa. Matsakaici da gajeren zango ne fagensa, kuma nan kunnen Bahaushe ya saba: Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake, wato AR88 ya girme shi, kuma an daɗe da sanin Rediyon Tarayya Kaduna a kilohaz 594 da 6090. Da rana nemi mita 16 da 19, da dare ka sauko 31, 41 da 49. Tashoshin waje suna sauya zangonsu a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba. A wajen megahaz 7 da 14 za ka ji muryoyi kamar na agwagwa, masu sha'awar rediyo ne ke hira. Kunna makunnin BFO, wanda ke fito da irin wannan murya, rage ƙarfin kamu, ƙara sauti, ka murɗa a hankali har maganar ta fito.

Waya mai tsawon mita 15 zuwa 20 daga taga zuwa bishiya ta isa, nesa da wayar NEPA, da ƙarfe a kafe cikin ƙasa mai danshi. In ka ji "zzz" ko'ina, kashe inbatar sola da cajar waya da kwan LED ɗaya bayan ɗaya, za ka kama mai laifin. Da damina, da ka ga hadari ya haɗo, cire eriyar daga rediyon gaba ɗaya.

Doka ta yarda in ajiye rediyon soja a gida?

Waɗannan karɓa kawai suke yi, ba sa aikawa, kuma yawancin sadarwar sojojin yau ta na'ura ce a rufe, ba abin da za su ji daga ciki. Na'urar aikawa, kamar T1154 da ke tafiya da R1155, ita ce ke bukatar lasisin hukuma, kar ka kunna ta ba tare da shi ba. Duk da haka, a halin tsaron da ake ciki, akwatin ƙarfe mai rubutun soja da doguwar waya a kan rufi yana jawo tambaya. Ajiye rasiɗin saye da littafinsa mai nuna shekarar ƙira, sanar da mai unguwa, in za ka bi hanya da shi kuma takardun su kasance a hannunka.

Bayan gyara, yaya zan kula da shi?

Kunna shi awa ɗaya ko biyu kowane mako, musamman a watan Agusta, domin ɗumin bawul yana korar danshi daga taransifoma da naɗe-naɗe. Ɗora shi a kan tebur mai ƙarfi, ba a ƙasa ba, ka bar tazara a bayansa da samansa don iska. Da hunturu rufe shi da zane, amma sai ya huce. Sau ɗaya a shekara ka auna babbar wuta da wutar ƙafar 6K6 ka gwada da abin da ka rubuta ranar da ka gama, in sun fara kaucewa ka nemi dalili kafin ka ji wari.